Tambaya da Amsa: Yawon Buɗe Ido a Karkarar Dordogne ta Ƙasar Faransa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan yanki guda, wato Dordogne, a kudu maso yammacin Faransa, gabas da birnin Bordeaux. Mun taƙaita tambayoyin. Sunayen garuruwa kuma mun bar su yadda suke a allunan hanya, tunda haka matafiyi zai gan su.

Daga wani dattijo manomi a ƙasar Ringim: Ɗana yana karatu a Bordeaux. Ya gayyace ni da mahaifiyarsa, ya ce zai kai mu ƙauyukan Dordogne mu yi kwana biyar. Wane wata ya fi, kuma ta ina ake farawa?

Baba, Allah ya yi wa yaro albarka. Ku nufi watan Mayu zuwa farkon Yuni. A nan gida shuka ba ta kankama ba, a can kuma sanyi ya ragu, an buɗe wuraren ziyara, jama'a ba su yi yawa ba. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantunsu ne: masauki yana tsada, hanyoyin ƙauye suna cushewa, zafi kan haura digiri 35, gidaje da yawa kuma ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Satumba ma tana da daɗi, sai dai ta ci karo da kaka. Daga Nuwamba zuwa Maris yawancin masu kwalekwale da wasu koguna a rufe suke. Ko a Mayun, ku riƙe rigar sanyi, don da safe yakan sauka zuwa digiri 10.

Farkon aiki biza ce, irin ta Shengen, mai ba da izinin zama har kwana 90 cikin kwana 180. Ana cike takarda a shafin France-Visas, a nemi rana, a je Abuja ko Legas da kai a ɗauki zanen yatsu. Kuɗin babba yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa in an hana. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da shafi 2 da ba a buga komai ba. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata 6, kada a bari sai ya rage mako biyu.

Wuri biyu ake yawan tuntuɓe. Na farko masauki. In a ɗakin yaro za ku sauka, shi zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil, ya aiko da asalinta. Suna duba girman ɗakin, kuma ɗakin ɗalibi sau da yawa ba ya isar mutum uku, don haka kama otal ya fi sauƙi. Na biyu takardar banki. Kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu rana ɗaya ana gobe neman biza yana jawo zargi. In na amfanin gona ne ko na dabbar da aka sayar, a haɗa da shaidar cinikin.

Daga Faris zuwa Bordeaux jirgin ƙasa mai gudu yana ɗaukar awa 2 da 'yan mintoci daga tashar Montparnasse. Daga Bordeaux ƙaramin jirgi yana bi ta Libourne da Bergerac ya kai garin Sarlat da ke cikin Dordogne a kimanin awa 2 da rabi. To, daga nan ne maganar take. Ƙauye ne sosai: ba acaɓa, ba a-daidaita-sahu, tasi sai an kira ta waya tun da wuri, bas ɗin ƙauye kuwa kan wuce sau biyu ko uku a yini. Wanda ba shi da mota ya zauna ke nan. Yaro ya ɗauki hayar mota tun daga Bordeaux. Za su nemi lasisi da katin banki mai sunan direban, kuma yawancin motocin masu giyar hannu ne. Hannun dama ake bi kamar nan. Gudu kilomita 50 a cikin gari, 80 a yawancin titunan karkara sai inda allo ya nuna 90, na'urorin da ke bakin hanya kuma ba a yi musu magiya. A mararrabar da ba alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, komai ƙanƙantar lungun da ya fito.

Daga wani malamin tarihi a Birnin Kudu: Na karanta cewa kogon Lascaux da ake tururuwar gani ba na ainihi ba ne, kwaikwayo ne. Me ya sa? Mu ma muna da zanen dutse a nan, ina so in bayyana wa ɗalibaina.

Malam, abin da ka karanta haka yake, kuma labarin ya cancanci a kai shi aji. Ranar 12 ga Satumban 1940 wasu samari huɗu suka shiga wani rami a tudun da ke saman garin Montignac, suka tarar da bango cike da zanen dawakai da barewa da manyan bijiman daji, wani bijimin tsawonsa ya haura mita 5. An yi zanen shekara 17,000 ko fiye da suka wuce, da jar ƙasa da rawaya da wani baƙin ma'adini. Abin da ya adana shi tsawon wannan lokaci shi ne bakin kogon ya toshe, iska da laima da sanyin ciki suka tsaya a ma'auni ɗaya.

A 1948 aka faɗaɗa ƙofa, aka sa fitilu, aka buɗe wa jama'a. Ana samun mutum kusan 1,200 a rana. Kowane mutum yana shiga da abu uku: numfashi, zafin jiki, da ƙwayoyin da suka maƙale a takalmi da tufafi. Numfashin ya ƙara iskar kabon da tururi, tururin ya riƙa kwanciya a bango. Hasken fitila da ɗumi suka sa gansakuka ta fara yaɗuwa kore shar, sannan wani farin ɓawo irin na farar ƙasa ya soma rufe zanen. Shekara 15 kacal aka yi, a 1963 ministan al'adu na lokacin, André Malraux, ya sa aka rufe. Rufewar ma ba ta kashe wutar ba: a 2001, bayan an sauya na'urar daidaita iska, farar fumfuna ta ɓarke, daga baya baƙaƙen ɗigo suka biyo. Yau sai ƙwararru ƙalilan ke shiga, na ɗan lokaci.

Sai suka gina kwafi. Na farko, Lascaux II, an buɗe shi a 1983, mita 200 daga na ainihi, ɗakuna biyu kawai aka kwaikwaya. Da aka ga motoci da jama'a a kan tudun su ma barazana ne, aka gina Lascaux IV a gindin tudu, aka buɗe a Disamban 2016, da kusan dukkan kogon. Har sanyin ciki sun kwaikwaya, wajen digiri 13, don haka mai zuwa ya riƙe rigar sanyi ko da ana ƙuna a waje. Tikitin na sa'a ne, rukuni-rukuni da ɗan jagora. A saya ta intanet kwanaki kafin zuwa, a duba harshen rukunin, don yawanci Faransanci ne, na Ingilishi kaɗan ne a yini. Wanda ya makara rukuninsa ya shige, ba tabbas a sa shi a na baya. Ba a ɗaukar hoto cikin kogon. Daga Sarlat kimanin kilomita 25 ne.

Mai son ganin zanen ainihi ya nufi Les Eyzies, inda aka tono ƙasusuwan mutanen zamanin dutse da ake kira Cro-Magnon a 1868. Kogon Font-de-Gaume yana nan a buɗe da zanen ɓaunaye masu launi, amma waɗanda ake bari su shiga a yini ba su kai ɗari ba, sai an kama gurbi tun da nisa. A kogon Rouffignac kuwa ƙaramin jirgin ƙasa mai lantarki ke shiga da mutane, fitila tana kunnuwa ne kawai inda aka tsaya, a ga zanen giwayen zamanin ƙanƙara masu gashi. A ganinmu wannan ya fi dacewa da dattawa. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan koguna da sauran wuraren tarihi na kwarin kogin Vézère cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Game da naku na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, kada ɗalibai su ɗauka ciwon ɗaya ne. Zanen shanun Birnin Kudu a ƙarƙashin rumfar dutse yake, iska tana kaɗawa, numfashi ba zai taru ba. Abin da ke cin irinsu hannu ne da hayaƙi da ruwa. Maiƙon tafin hannu yana dusar da launi. Hura wuta a gindin dutse yana shafa masa baƙi, zafin kuma yana sa fatar dutsen ta ɓare. Watsa ruwa don launi ya fito a hoto shi ne mafi muni, domin ruwan yana narkar da gishirin cikin dutse, in ya bushe gishirin ya tunkuɗo launin waje. Sai rubuta suna da gawayi ko alli, da dabbobi masu goga jiki. In za ka kai ɗalibai, ka raba su goma-goma, a ja layi a ƙasa taku biyu daga bango, a nemi mai kula da wurin tukuna, don yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Daga wani matashi ɗan masunta a ƙasar Haɗejiya, mai shirin tafiya karatu Toulouse: An ce ana ba da hayar kwalekwale a kogin Dordogne. Ni a ruwa na tashi. Akwai abin da zai gagare ni?

Ɗan'uwa, tuƙin ba zai gagare ka ba, ƙa'idojin ne za su ba ka mamaki. Kwalekwalen na roba ne mara nauyi, na mutum biyu ko uku, kuma ya fi na katako saurin juyawa da rawa. Kafin su ba ka, za ka tabbatar ka iya iyo na mita 25, su ba ka rigar hana nutsewa, sa ta kuma dole ne komai gwanintarka. Akwai ɗan duro mai murfi na zuba waya da fasfo da abinci. A murɗa murfin sosai, a ɗaure duron a jikin jirgi, in ba haka ba ranar kifewa shi zai riga ka isa gari na gaba.

Sashen da ya fi kyau shi ne daga Vitrac zuwa Beynac, kimanin kilomita 16, awa 3 zuwa 4 da hutu. Za ka wuce ƙarƙashin Domme, ka bi ta La Roque-Gageac mai gidaje manne da dutse, sai Castelnaud, sai Beynac. Bin ruwa ake yi, ba a komawa sama. Ko dai su kai ka sama da ƙaramar bas ka gangaro inda ka bar mota, ko ka tashi daga wurinsu su ɗauko ka a ƙasa a sa'ar da aka yanka. Zaɓi na farko ya fi, ba ka fargabar bas ta tafi ta bar ka. Ka tambayi alamar wurin fita, yawanci gada ce ake ƙirgawa, don wanda ya wuce sai ya sha wuya.

Ruwan a kwance yake, amma mutane na kifewa, kusan kullum ta hanya uku: miƙewa tsaye, kama reshen bishiya jirgi yana tafiya, da barin jirgi ya gindaya a jikin ginshiƙin gada. Mai nauyi ya zauna baya ya riƙe akala. A nufi tsakiyar ƙofar gada tun daga nesa. In an kife, a kwanta rigingine ƙafafu gaba, a tsaya ta saman jirgin kada ya matse mutum da dutse, kuma kada a dasa ƙafa a wuri mai ƙarfin ruwa. Ruwan ya fi na kogin Haɗejiya sanyi nesa ba kusa ba, musamman a Mayu. Akwai madatsun lantarki can sama, in sun saki ruwa ko an yi ruwan sama mai yawa kogin yana tashi, hukuma ta hana shiga. Takalmi mai maɗauri za a sa, silifa ruwa zai tafi da ita. Ruwan sha lita ɗaya da rabi kowane mutum, da hula.

Hannunka zai yi ƙaiƙayi in ka ga kifi. Ko ƙugiya ɗaya ba a jefawa sai da katin izini, akwai na yini ɗaya ana sayarwa ta intanet da shagunan kayan kamun kifi. Koma da birgi kuwa, bar su a gida. Wanda bai iya iyo ba ya hau babban jirgin da suke kira gabarre a La Roque-Gageac ko Beynac, zagayen kusan awa ɗaya, a zaune.

Daga wata Hajiya a Ɗambatta: Ni damuwata abinci da salla da hijabi.

Hajiya, da gaskiyarki. Yankin ƙasar agwagwa da dinya ce, har dankali da kitsen agwagwa suke soya shi, amma yankan ba na Musulmi ba ne, alade kuma yana shiga inda ba a zato, har cikin ganye da miya. A takardar abinci ki kiyayi waɗannan: porc, jambon, lardons, saucisson, da enchaud, wanda gasasshen alade ne na yankin. Vin giya ce, sukan dafa nama da ita. Kifi da ƙwai da cuku da burodi su ne mafita. Abin da ya fi duka shi ne kama gidan haya mai kicin, wanda suke kira gîte. A lokacin hutu daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa, a Mayu kan samu na kwana uku ko huɗu. A sayo naman halal tun daga Bordeaux ko Bergerac ko Périgueux, inda ake da mahauta Musulmi da masallatai, don a ƙauyukan ba za a samu ba. Kasuwar Sarlat tana ci Laraba da Asabar, da safe ake samun kayan lambu masu kyau. Kada ki ɗauko kilishi ko man shanu daga gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, za a ƙwace a filin jirgi. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a ƙulle su da kyau.

Gidan abinci yana ba da na rana daga 12 zuwa 2, na dare daga 7. Wanda ya zo ƙarfe 3 sai haƙuri. Ƙananan shaguna suna rufewa da tsakar rana, Lahadi da yamma kusan komai a kulle. Ki fara da bonjour duk inda kika shiga, rashin gaisuwa a wurinsu ma rashin tarbiyya ne.

Lokacin salla zai rikita wanda ya dogara da agogon gida. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya. A Yuni rana tana fitowa wajen 6 da minti 10, Azahar sai kusan ƙarfe 2, Magariba kusan 10 saura kwata, Isha bayan 11. Alƙibla ma ta bambanta: a Kano gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, a can gabas ce mai karkata kudu, wajen digiri 114 a kamfas ɗin waya. Hijabi da mayafi ba laifi a titi da kasuwa da wuraren ziyara. Niƙabi ne dokar 2010 ta hana a bainar jama'a, tararsa tana kai yuro 150.

Daga wani ma'aikacin gona a Gumel: Ana iya shiga dajinsu da ƙafa ba ɗan jagora?

Ana iyawa, Malam, don hanyoyin a shate suke da fenti a jikin bishiya da dutse. Rawaya zalla gajeren zagaye ne na yini. Fari da ja doguwar hanya ce ta kwanaki. Layin da ya lanƙwasa yana nuna kwana, gicciye yana cewa ba nan ba. In ka yi minti goma ba ka ga fenti ba, koma inda ka ga na ƙarshe. Ofishin yawon buɗe ido na kowane gari yana da taswira. Kaska ce babbar matsala, ƙarama ce ƙwarai ba kamar ta shanu ba, tana kuma ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jiki da yamma. In ta kama, kada a ɗiga mata mai ko a ƙona ta, hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jikin mutum. Kantin magani na sayar da ɗan ƙugiyar cire ta, a murɗa a hankali. Jan zobe mai faɗaɗa a wurin cizon cikin makonni, ko bayan an dawo gida, a je asibiti a faɗa wa likita inda aka je. Daga Satumba zuwa Fabrairu lokacin farauta ne, in ka ga allon chasse en cours ka juya. Gonar da ba shinge ma tana da mai ita, ba a tsinkar 'ya'yan itace, ba a hura wuta. Lambar gaggawa 112.

Daga wani ɗan kasuwar riɗi a Maigatari: Kwana biyu kawai zan samu bayan baje koli a Faris, gwiwata kuma tana damuna. Me zan gani, me zan bari?

Alhaji, ka sauka Sarlat. Rana ta farko Lascaux IV da safe, wurin a shimfiɗe yake. Da yamma jirgin gabarre, daga cikinsa za ka hango gidajen yaƙi na dutse a kan tsauni ba tare da ka hau ba. Beynac da Castelnaud suna kallon juna ta tsallaken kogi, a yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila, 1337 zuwa 1453, sun sha zama a ɓangarori biyu. Hawansu ta cikin gari tudu ne mai duwatsu masu santsi. In ka matsu, mota tana kai wa wurin ajiya na sama.

Rana ta biyu lambun Marqueyssac, inda ake aske shuke-shuke 150,000 da almakashin hannu, ko garin Domme da aka kafa a 1281, wanda mota ke kai wa kusa da wurin hangen kwari. Ramin Padirac, a maƙwabciyar gunduma ta Lot, abin gani ne: ana sauka mita 103, a hau kwalekwale a kogin ƙarƙashin ƙasa. Akwai na'urar sauka da hawa, amma a ciki akwai matakala masu laima, tafiyar mota kuma ta haura awa ɗaya daga Sarlat, ga tikitin sa'a. Da wannan gwiwa da wannan lokaci, bar shi sai wani zuwan. Ka sayi tikitin jirgin komawa Faris tun kafin ka baro ta, kuma ka kwana can daren da za ka tashi, don jirgin Sarlat kaɗan ne a yini, in ɗaya ya kuɓuce jirgin sama ba zai jira ba.